2,147,483,647: Fashin Baƙi a Kan Lambar da Ta Gagari Rabo

Ga lambar nan: 2,147,483,647. In za a karanta ta da baki, sai a ce biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai. Wanda ya ce zai ƙirga daga ɗaya har ya iso gare ta, lamba guda a kowane sakan, ba barci ba hutawa, sai ya shekara 68 da 'yan kwanaki kafin ya rufe baki. Amma ba girmanta ne ya sa na ɗauko ta ba, domin yawan mutanen duniya a yau ya ninka ta fiye da sau uku. Na ɗauko ta ne saboda da ita ake iya nuna wani abu da ake yawan cuɗanyawa. Idan aka tashi bayanin babbar lamba, akan jero siffofinta reras kamar duk nauyinsu ɗaya: tana da alƙaluma kaza, jimlarsu kaza, mara ce ko cika, kaza da kaza ke raba ta. Alhali wasu daga cikin siffofin nan riga ce kawai aka sa mata, wasu halinta ne na asali, wasu kuma aiki ne mutane suka ɗora mata daga baya.

Mu fara da rigar. Lambar tana da alƙaluma goma, ta ƙare da 7, in kuma aka tara alƙalumanta ɗaya bayan ɗaya za a sami 46. Duk wannan gaskiya ne, sai dai gaskiya ce game da yadda muke rubutu da ƙidayar goma-goma, wadda muka gada daga yatsun hannu. Kwamfuta ba ta da yatsu goma, sifili da ɗaya kawai ta sani, kuma a rubutunta lambar nan ga yadda take fitowa: 1111111111111111111111111111111. Ɗaya ce sau 31 a jere, babu sifili ko guda. A wannan rigar ba alƙaluma goma gare ta ba, 31 ne, jimlarsu ma 31, kuma ko ta dama aka karanto ta ko ta hagu abu ɗaya ne. Lambar ba ta motsa ba, tufafin ne suka sauya. Wannan jerin ɗaya-ɗaya kuwa ya tona asalinta: in ka ninka 2 da kanta har sau 31, wato 2³¹, za ka sami 2,147,483,648, sai ka cire ɗaya. Kamar yadda 999 take dubu ba ɗaya a wurinmu, haka wannan take a wurin kwamfuta.

Halin lamba na asali, wanda yake zanen dutse, yana cikin amsar tambaya guda: me ke raba ta daidai ba tare da ragowa ba? Wannan amsar ba ta damu da harshe ko salon rubutu ba. Ƙwallaye goma sha biyu za su jeru layi uku na hurhuɗu a ko'ina a duniya, goma sha uku kuwa ba za su jeru ba.

To mu gwada tamu. Ta ƙare da 7, saboda haka mara ce, 2 ba ta raba ta, 5 ma haka. Jimlar alƙalumanta 46, in an raba 46 da 3 saura ɗaya, in an raba da 9 ma saura ɗaya, don haka ita ma uwar lambar haka za ta yi. A gwada 7, saura ɗaya. A gwada 11, saura ɗaya. A gwada 31, har yanzu saura ɗaya. Wannan ɗayan da ke ta maƙalewa ba dace ba ne. Dalilinsa yana wurin maƙwabciyarta ta ƙasa, wato 2,147,483,646, wadda in aka farfasa ta take zama 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Duk abin da ya raba maƙwabciyar daidai, dole ya bar ragowar ɗaya in ya zo kan tamu.

A nan nake so mai karatu ya ɗan dakata, domin lambobi uku ne a jere, ƙofa da ƙofa, amma kowacce da irin gidanta. Ta ƙasan, mai ƙarewa da 646, lambobi 192 ne ke raba ta daidai. Ta saman, mai ƙarewa da 648, ba ta da komai a cikinta sai 2 da aka yi ta ninkawa, kuma masu raba ta 32 ne: 1, 2, 4, 8, 16, haka har zuwa ita kanta. Ta tsakiyar kuwa, wadda muke magana a kai, biyu ne rak ke raba ta: ɗaya, da ita kanta. Irin wannan lamba ita ake kira firam a ajin lissafi, ni kuwa a nan zan riƙa ce mata gagara-rabo, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. Tamu ita ce ta 105,097,565 a jerinsu. Ta gabanta ita ce 2,147,483,629, ta bayanta 2,147,483,659, saboda haka ba ta da tagwai irin na 11 da 13 waɗanda biyu kawai ke tsakaninsu.

Akwai wani tsohon rabe-rabe da Nikomakus, mutumin Jarash, ya rubuta wajen shekara ta 100 miladiyya, wanda daga baya Sabit bn Ƙurra ya mayar da aikinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na tara. Ga yadda yake: ka tara duk masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimlar ta zarce lambar, mai rara ce, kamar 12, da 1 + 2 + 3 + 4 + 6 suka ba da 16. In jimlar ta gaza, mai giɓi ce, kamar 10, da 1 + 2 + 5 suka tsaya a 8. In kuwa jimlar ta zo cif-cif, wannan ita ce kamila, kamar 6 da take 1 + 2 + 3, ko 28 da take 1 + 2 + 4 + 7 + 14. A wannan ma'auni maƙwabciyar ƙasa mai rara ce, rara mai yawa ma. Tamu mai giɓi ce iyakar giɓi, tunda abin da za a tara mata ɗaya ne tak. Ta sama kuwa kamila ce saura ƙiris: in ka tara 1, 2, 4, 8 har zuwa rabinta, abin da za ka samu shi ne 2,147,483,647. Wato lambarmu ita ce jimlar masu raba maƙwabciyarta. Wannan yana cikin abubuwan da suka fi burge ni game da ita.

Yanzu ga tambaya mai nauyi: ta yaya aka san babu abin da ke raba ta? Cewa "na gwada 3 da 7 da 11 ba su yi ba" ba hujja ba ce, don mai rabon yana iya ɓuya can nesa.

Abu na farko da ya ba da fata shi ne 31 ɗin kanta. Ɗauki ɗaya guda shida a rubutun kwamfuta, 111111, wato 63. Ana iya yanka su biyu-biyu, 11 11 11, ko uku-uku, 111 111, kuma kowane yanka yana nuna mai rabo: 11 a can ita ce 3 a wurinmu, 111 ita ce 7, kuma lallai 3 da 7 suna raba 63. Ɗaya guda 31 kuwa ba sa yankuwa gida-gida daidai, domin 31 ita ma gagara-rabo ce. Saboda haka wannan ƙofar a rufe take. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ɗaya guda 11 ma ba sa yankuwa, amma lambar da suke bayarwa, 2,047, ta fashe zuwa 23 × 89, kuma an san haka tun 1536. Na 23 ma ya fashe: 8,388,607 ita ce 47 × 178,481. Na 29, wanda yake dab da namu, shi ma 233 × 1,103 × 2,089 ne. Ashe sharaɗin wajibi ne, amma bai wadatar ba.

Lambobin da ke da wannan siffa, wato 2 da aka ninka sau kaza aka cire ɗaya, ana kiransu da sunan Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe. Kafin shi, a 1588, Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar da na 17 da na 19, wato 131,071 da 524,287, ta hanyar raba su da hannu da kowace gagara-rabo da ta cancanci gwaji. A 1644 Mersenne ya fitar da jerin waɗanda ya ce su ne gagara-rabo har zuwa 257: na 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba, kuma jerin na da kurakurai biyar. Na 67 da na 257 suna rabuwa, sannan ya tsallake na 61, 89 da 107. A kan na 31 dai ya dace, amma sai da aka jira shekara 128 kafin a sami wanda ya tabbatar.

Wanda ya yi aikin shi ne Leonhard Euler, haifaffen Basel a Suwizalan, yana zaune a birnin Sant Fitasbag na Rasha. A 1772 ya sanar da wani masani ɗan gidan Bernoulli sakamakon cikin wasiƙa, lokacin yana da shekara 65 kuma idanunsa sun kusa rufewa gaba ɗaya. Yadda ya rage aikin shi ne abin koyo. Da farko, ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba. In lamba ta rabu gida biyu, dole ɗaya daga cikin masu rabon ya zama ƙarami, kuma tunda 46,341 × 46,341 ya riga ya zarce lambarmu, ƙaramin ba zai wuce 46,340 ba. Gagara-rabon da ke ƙasa da nan 4,792 ne. Ya ragu sosai, amma har yanzu jan aiki ne ga mai alƙalami da takarda.

Sai ya ɗauko wata ƙa'ida ta Pierre de Fermat ta 1640. Ƙa'idar ta ce duk gagara-rabon da zai raba irin wannan lamba, in ka cire masa ɗaya, dole abin da ya rage ya rabu da ninkin yawan ɗaya-ɗayan. Duba 2,047 mai ɗaya guda 11: masu raba ta 23 ne da 89, wato 22 da ɗaya, da kuma 22 sau huɗu da ɗaya. A tamu ke nan dole mai rabon ya zama 62 sau wani abu, a ƙara ɗaya. Euler ya ƙara nasa sharaɗin: in an raba mai rabon da 8, ragowar 1 ce ko 7, babu ta uku. Da aka haɗa sharuɗɗan biyu, sai ya zama mai rabon ko dai 248 sau wani abu da ɗaya ne, ko 248 sau wani abu da 63. Waɗanda suka cika wannan a ƙasa da 46,340 ba su wuce 372 ba, kuma in an tsame waɗanda su kansu suke rabuwa, ragowar ba su kai ɗari ba. Na farkonsu 311 ne. Raba 2,147,483,647 da 311, za ka sami 6,905,092, saura 35. Bai yi ba, sai na gaba. Haka aka bi su har ƙarshe, babu wanda ya shiga daidai. Daga biliyan biyu zuwa ƙasa da ɗari: a ganina wannan rage nauyin, ba rabawar kanta ba, shi ne lissafin.

Me ya sa aka damu haka? Saboda kamilan lambobin nan da muka ambata. Tun wajen shekara 300 kafin miladiyya Yukilid na Iskandariya ya nuna cewa duk lokacin da irin wannan lamba ta zama gagara-rabo, in ka ninka ta da rabin maƙwabciyarta ta sama, kamila za ta fito. Gwada da 7: maƙwabciyarta 8, rabinta 4, sai 7 × 4 ya ba da 28. Gwada da 31: 31 × 16 ya ba da 496. Gwada da 127: 127 × 64 ya ba da 8,128. Euler kuma ya tabbatar da ɗaya ɓangaren, cewa duk kamilar da take cika ta wannan hanyar kaɗai take zuwa. Don haka kowace gagara-rabon Mersenne tana goye da kamila guda. Tamu ita ce ta takwas a dangin, kuma kamilar da take goye da ita, ta takwas ita ma, ita ce 2,305,843,008,139,952,128. Ko akwai kamilar da take mara? Wannan tambaya ta shekara fiye da dubu biyu, har yau ba a sami ko ɗaya ba, ba a kuma tabbatar da cewa babu ba.

A 1811 wani masanin lissafi na Ingila, Peter Barlow, ya rubuta cewa mai yiwuwa wannan kamilar ita ce mafi girma da za a taɓa ganowa, don a ganinsa abin sha'awa ne kawai marar amfani, ba wanda zai wahalar da kansa neman ta gaba. Bai canka ba. A 1876 Édouard Lucas na Faransa ya tabbatar da na 127, mai alƙaluma 39, ba tare da ya raba ta da komai ba, a 1883 kuma Ivan Pervushin na Rasha ya tabbatar da na 61. Dabarar Lucas, wadda Derrick Lehmer ya gyara wajen 1930, tana da sauƙin faɗa. Fara da 4. Ninka ta da kanta, cire biyu, raba da lambar da kake gwadawa, riƙe ragowar, sake maimaitawa. Mu gwada da 31, mai ɗaya guda biyar, inda ake yin zagaye uku. Huɗu sau huɗu ba biyu, 14. Sha huɗu sau sha huɗu ba biyu, 194, in an raba da 31 saura 8. Takwas sau takwas ba biyu, 62, wanda 31 ta raba daidai, saura sifili. Wannan sifilin shi ne shaida. A kan 2,147,483,647 zagaye 29 kawai ake yi, sifilin ya bayyana. Da wannan gwajin ne masu aikin sa-kai na shirin GIMPS, wanda aka fara a 1996, suke farauta da kwamfutocinsu. A Oktoban 2024 Luke Durant ya gano ta 52 da aka sani a dangin, mai ɗaya guda 136,279,841 a rubutun kwamfuta, mai alƙaluma 41,024,320 a namu rubutun.

Akwai wata siffa ta asali da ba a cika kawowa ba, ga ta kuwa da daɗin bi. Lambar da aka ninka da kanta, irin 1, 4, 9, 16, 25, ana ce mata murabba'i. Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba ana iya haɗa ta da murabba'i huɗu ko ƙasa da haka. Wasu biyu sun ishe su, kamar 13 da take 4 + 9. Tamu sai an ba ta huɗun cif. Dalilin kuwa ɗan firamare zai iya binsa: duk murabba'in da ka raba da 8, ragowarsa 0 ce ko 1 ko 4. Ɗauki uku daga cikin waɗannan yadda ka ga dama ka tara, ba za ka taɓa samun ragowar 7 ba. Lambarmu kuwa, tunda maƙwabciyarta ta sama tana rabuwa da 8, ragowarta 7 ce.

Sai aikin da mutane suka ɗora mata, wanda shi ya sa masu rubuta manhaja suka haddace ta. Kwamfutoci da yawa suna ajiye lamba a gurbi 32, kowane gurbi sifili ko ɗaya yake ɗauka. Gurbi ɗaya yana nuna ko lambar tana sama da sifili ko tana ƙasa, saura 31 na ƙirga. In duk 31 ɗin suka cika da ɗaya, an kai bango: 2,147,483,647. A ƙara ɗaya, sai ƙirgar ta wuntsila ta koma can ƙasan sifili, zuwa −2,147,483,648. Tsarin Unix, manhajar da ke tafiyar da kwamfutoci da yawa, yana ƙirga lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairun 1970, saboda haka shekara 68 ɗin da muka faɗa a farko za su cika ranar 19 ga Janairun 2038, da ƙarfe 3:14:07 na dare agogon GMT. Duk na'urar da har lokacin take riƙe da gurbi 32, sakan ɗaya bayan nan za ta ɗauka ana 13 ga Disambar 1901 ne. Maganin shi ne komawa gurbi 64, inda bangon yake 9,223,372,036,854,775,807, kuma manyan tsare-tsare sun daɗe da komawa. YouTube ma ya sanar a Disambar 2014 cewa ya faɗaɗa ma'ajin ƙirgar masu kallo, ganin wani bidiyo ya doshi wannan iyaka.

A lura da kyau: wannan shaharar ba ta da alaƙa da kasancewarta gagara-rabo. Bangon gurbi 16 shi ne 32,767, wanda yake 7 × 31 × 151, bangon gurbi 64 ma 7 tana raba shi, kuma duk suna aikinsu na bango. Da a ce tamu tana rabuwa, matsalar 2038 tana nan yadda take. Inda halin asali ya yi aiki a kwamfuta wani wuri ne dabam. A 1988 Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar wata hanya ta samar da lambobi masu kama da na ƙuri'a: ɗauki lamba, ninka ta da 16,807, raba da 2,147,483,647, ragowar ita ce lamba ta gaba. Saboda babu abin da ke raba ma'aunin, ragowar ba ta taɓa faɗawa sifili, kuma da wannan 16,807 da aka zaɓa, jerin sai ya ziyarci kowace lamba daga 1 har 2,147,483,646 kafin ya dawo inda ya fara. Da ma'aunin mai rabuwa ne, ninkawa kaɗai ba za ta zaga su duka ba.

Saura zance ɗaya na nasaba. Lambarmu ta fito daga 31, ita kuma 31 ɗaya guda biyar ce a rubutun kwamfuta, wato ita ma 'yar gidan Mersenne ce. Irin wannan mai nasaba biyu, kuma gagara-rabo, huɗu kawai aka sani: 7, 127, tamu, da ta Lucas mai alƙaluma 39. Dole mutum ya yi tambaya: to in aka jera ɗaya guda 2,147,483,647 fa, jika za ta gaji kaka? Lambar da za ta fito tana da alƙaluma 646,456,993 a rubutunmu, ta fi ta Durant tsawo fiye da sau goma sha biyar. Amma albasa ba ta yi halin ruwa ba, tana rabuwa. Ba a gano haka ta hanyar rubuta ta ba. An bi sawun Fermat da Euler ne, aka riƙa gwada lambobin da suka cika sharaɗin nan kaɗai, har aka faɗa kan 295,257,526,626,031. Cire mata ɗaya ka raba da 2,147,483,647, za ka sami 137,490 daidai, babu ragowa.